Godiya bayan bikin 'yarmu a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an ɗaura aure, an kai amarya ɗakinta lafiya. A madadin maigida da dangi ina miƙa godiya ga 'yan'uwa na Asawasi da Alabar, da waɗanda suka taso tun daga Nima da Tamale, da matan layinmu da suka kwana a bakin murhu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Mutane da yawa sun tambaye ni gwal ɗin da amarya ta sa ranar walima. Na marigayiya Hajiyarmu ne, kuma saura ƙiris ya shiga wuta.

Ana gab da biki muka fito da shi, muka tarar haƙori ɗaya cikin masu riƙe dutsen sarƙar ya karye, dutsen yana rawa. Wani mai sayar da gwal ya ce a narke kayan duka a yi na yayi, wai dutsen ma kwalba ce. Gwaggo, ke kika ce ba za a narke ba muddin kina da rai. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Kawu, kai ka bar shagonka a kasuwar Kejetia ka kai mu wurin wani dattijo Ba'asante, maƙerin zinare a Adum.

Dattijon nan bai yi gaggawa ba. Ya goga sarƙar a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce karat 22 ce ko da babu tambari, don maƙeran da can ba su cika buga tambari ba. Awarwaron kuwa akwai tambarin 875 a cikinsa, wato karat 21, irin wanda alhazai ke sayowa a Makka. Ƙwayoyin sarƙar ne suka fi ɗaukar hankalinsa. Da kakin zuma ake fara siffanta kowace ƙwaya, a lulluɓe ta da yumɓu da garin gawayi, a gasa kakin ya narke, zinare ya maye gurbinsa, sannan a fasa mazubin. Shi ya sa ba biyu da suka zama ɗaya sak. Ya sa mini ɗaya a tafin hannu, na ga layukan zaren kakin a jikinta. 'Yan kunnen kuma siririyar waya ce aka murɗa aka naɗe da hannu. A ganina na injin da ke cike da kantuna ba su kama ƙafarsu ba.

Dutsen kuma tofaz ne na gaske, ya fi kwalba nauyi nesa ba kusa ba. Hajiya takan ce Alhaji ya sayo shi a Jos zamanin fataucin goro, kuma lallai ana samun tofaz a can inda ake haƙar kuza, fari ko mai ɗan shuɗi-shuɗi kamar namu. Masu shuɗi sosai na kasuwa yawanci farare ne aka canza musu launi da haske mai ƙarfi da zafi. Taurinsa 8 ne a ma'aunin da lu'ulu'un daiman ke da 10, amma yana da gaɓa, wato layin da yake saurin tsagewa: bugu ɗaya a kanta, ko zafi na farat ɗaya, sai ya tsage. Saboda haka dattijon ya cire dutsen tukuna, ya gyara haƙorin da wuta, ya bari ya huce, ya mai da shi. Ya ja mana kunne a riƙa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kawai, a kuma naɗe shi a ƙyalle shi kaɗai don kada ya karce gwal ɗin.

Baba maƙeri, ba ka jin Hausa sosai, amma Kawu ya yi alkawarin karanta maka wannan da Twi. Mun gode ƙwarai, Allah ya yi wa hannunka albarka.

Masu son kwatancen shagonsa su same ni a gida bayan la'asar. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Hajiya cikin addu'a.