Abin da canjin fulot ɗin tankin mai ya koya mini

A sana'armu ta wayarin ɗin mota, ƙorafin da masu tsofaffin motoci suka fi kawowa game da mai shi ne allurar geji ta daina faɗin gaskiya, ko dai ta kwanta ƙasa alhali tanki a cike yake, ko ta maƙale a sama har mota ta mutu a hanya. Galibinsu da hukuncinsu suke zuwa, cewa fulot, wato na'urar da ke cikin tanki tana auna yawan mai, ya lalace, a canza shi. Abin da aikin ya koya mini shi ne ba a sauke tanki sai an auna, domin geji da waya da fulot hanya ɗaya suke, kuma kowannensu yana iya jawo wannan alamar.

Gwajin ba shi da tsada. A tsofaffin motocin Toyota, idan aka cire wayar da ke kan fulot aka kunna makulli, allura za ta sauka ƙasa, idan kuma aka taɓa wayar da jikin mota na ɗan lokaci, za ta haura zuwa sama. In ta yi haka, geji da waya lafiyarsu ƙalau. Sau da yawa ma laifin na wayar da ke haɗa fulot da jikin mota ne, wadda tsatsa da laka suka cinye, kuma goge wurin da samfefa ya wadatar. Ina ganin zalunci ne a karɓi kuɗin sabon kaya a hannun mai mota a kan abin da gogewa za ta gyara.

Idan an tabbatar fulot ne, ciro shi yana nuna tarihin motar. Ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa, a bakinsa akwai abin da ke yawo a saman mai, a gindinsa kuma wani ɗan harshe yana goga a kan siririyar waya da aka naɗe, kuma gogar ce ke sauya ƙarfin wutar da ke isa geji. Na sha ganin wayar nan ta siɗe a wuri guda kawai, wajen kwatan tanki zuwa ƙasa, sauran kuwa tana ƙyalli kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Dalili shi ne mai motar ba ya cika tanki, 'yan litoci yake saye, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023, don haka harshen a nan yake kai da komo kullum. Wani lokaci kuma abin da ke yawon ne ya huje ya sha mai, idan ka girgiza shi kusa da kunne sai ka ji man yana motsi a ciki.

Wajen sayen madadi ne ake yawan asara. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a samu fulot da ya yi kama da naka a ido, amma kama da wane ba ta wane. Na tsofaffin Toyota yana nuna kusan om (ma'aunin turjiyar wuta) 110 idan tanki ya ƙare da kusan om 3 idan ya cika, alhali na tsofaffin motocin General Motors na Amurka yana tashi daga 0 zuwa 90, wato akasin haka, kuma in aka saka irinsa allura za ta riƙa karatu a juye. Shi ya sa nake tafiya da tsohon da kuma mitar auna wuta, in ɗaga hannun fulot, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa, a hankali in ga lambobi suna sauyawa ba tsalle, in gwada tsawonsa da na tsohon kafin in biya.

Batun wuta kuwa ba na sassauta wa yaran gareji a kansa. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin mai ne ke kamawa. Ana fara cire kan batir, a yi aikin a sarari nesa da mai walda, a kwance zoben da ke riƙe fulot da tagulla ko katako saboda ƙarfe yana tartsatsi, kuma ba a zuƙo mai da baki. Robar da ke tsakanin fulot da tanki sabuwa ake sakawa, sannan a jona waya a motsa hannun fulot a ga allura ta bi shi kafin a ɗaure komai, domin a motoci irin Hilux mayar da tanki wurinsa shi ne rabin wahalar aikin.