Godiya bayan kammala ɗaukar fim, da shaida a kan gidan da muka ara

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Allah ya nufa mun naɗe kayan aiki lafiya, babu wanda ya ji ciwo. Wannan saƙo daga dukkan ma'aikatan fim ɗin ne zuwa ga waɗanda suka tsaya mana.

Ga wanda bai san labarin fim ɗin ba: gidan gado ne magada suka matsu a sayar a raba kuɗi, dillali ya ƙwallafa rai a kan la'adarsa, amma duk mai sayen da aka kawo sai ya fita da takalmi a hannu. Ban tsoro ne da ban dariya a haɗe, kuma da ɗan abin da ke aljihu aka yi shi.

Godiyar farko ta Alhaji mai gidan ce, don kasadar da ya yi ta fi ta kowa. Jarumi yana wanke fuska ya koma gida, amma gidan da aka nuna da aljanu yana nan a unguwa, kuma bakin mutane ba ya da linzami. Yau yara su sa masa suna, gobe ɗan haya ya ƙi shiga, ranar da za a sayar da gaske mai saye ya nemi ragi. Saboda haka muna shaida wa jama'a cewa gidan nan lafiyarsa ƙalau. Duk ƙofar da kuka ga ta motsa, mutum ne ya ja ta. Mun kuma cika alkawarin da muka rubuta da shi a gaban mai unguwa: ba a nuna fuskar gidan ko layin ba, ƙofar waje da za ku gani ta katako ce da kafinta ya haɗa muka kafa a wani fili, an kuma cire duk wani allo ko rubutun bango da zai sa a gane wurin. Duk mai shirin irin wannan fim ya yi haka tun kafin ya sauke kyamara. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya sa albarka a gidan.

Ranka ya daɗe mai unguwa, mun gode da ka sa aka bi gida-gida aka sanar. Ihun mace da ƙarfe 2 na dare ba abin wasa ba ne; in maƙwabta ba su san fim ake yi ba, da sanduna za su fito. Iyayenmu mata na layin da muka hana barci, ku yafe mana.

Sai mai ɗaukar sauti da yaransa biyu. A fim mai ƙaramin kuɗi, rabin tsoron a kunne yake. Lokacin aikinsu kuwa ɗan kaɗan ne: sai wajen ƙarfe 11 hon ɗin adaidaita sahu yake lafawa, kafin ƙarfe 5 an fara kiran asalatu, dole a dakata. Su suka dage a kai janareto nesa da kamar mita 40, bayan katanga, a jawo wuta da waya mai kauri, domin siririyar waya a wannan nisa tana zafi kuma fitila ta dushe. Kada wani ya ce zai sa janareto a zaure ko a wani ɗaki don rage ƙara. Hayaƙinsa kisa yake yi ba tare da mutum ya farga ba. A kowane ɗaki sai sun sa kowa ya yi tsit na minti 1 sun ɗauki shirun wurin, wanda da shi edita, mai yanka da haɗa fim a kwamfuta, yake like tsakanin magana da magana. Kukan ƙyaure, takun sawu a saman soro da fukafukin jemage duk daban aka ɗauke su, na jemagen ma tsohuwar lema ce ake buɗewa ana rufewa kusa da makirufo.

Mai ɗaukar hoto, sannu da ƙoƙari. Wutarmu a nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ya tsaya a kan hoto 25 a daƙiƙa da shata 1/50, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto. In aka kauce wa wannan, ko janareto ya riƙa hawa da sauka, sai ka ga haske yana rawa a hoton, gyaransa a kwamfuta kuwa wahala ce. Bai yarda a bar ɗaki baƙi ƙirin ba, don kyamara mai araha tana cika duhu da yashi-yashi. Sai ya haska da fitila ɗaya daga gefe, a rage hasken wajen tacewa.

Ƙofar da ke rufe kanta aikin yaran saiti ne. Zaren kamun kifi suka ɗaura a ƙasan ƙyauren, dab da daɓe, suka shafe shi da baƙar maka don kada ya yi ƙyalli, mai ja yana kwance bayan randa. In aka ɗaura a sama, fitila tana tona asiri nan take. Hayaƙi kuma turaren wuta ne a kasko, ana kaɗa shi da faifai, fitila tana bayansa. In ta gaba aka haska, ba ya fitowa. Bayan kowace ɗauka a fitar da garwashin a buɗe taga, mai ciwon asma kuma ya tsaya a tsakar gida.

Hajiya mai kwalliya ta cece mu daga zobo. Kowa yana zaton zobo zai yi jini, alhali a kyamara ruwa-ruwa yake fitowa, kalarsa ta karkata zuwa shuɗi. Nata haɗin: kofi 1 na ruwan gulukos irin na masu kek, cokali 1 na jar kalar abinci, ɗigo 2 na shuɗiya, da ƙaramin cokali na garin koko don ya yi duhu. Aibinsa zaƙi, tururuwa da ƙuda ba sa jira, don haka a goge daɓe da zarar an ce kot, wato a tsayar da ɗauka, a kuma tanadi riga iri ɗaya guda 2 ko 3. Fuskar fatalwa ba da farar hoda zalla ake yi ba, sai an sirka da toka-toka, a zizara kwalli a ƙarƙashin ido. Tokar murhu kam ta hana sam, don in ta haɗu da gumi tana cin fata.

Jaruminmu da ya fito a dillali, kai ka riƙe fim ɗin. Wannan nau'i yana lalacewa ne idan ɗan wasa ya nuna ya san abin dariya yake yi. Shi kuwa ƙofa ta rufe kanta a bayan mai saye, gumi na keto masa, ya gyara hula ya ce: "Alhaji, ka ga irin ginin da, ko ƙofa ba ta son a bar ta a buɗe." Edita ya bar shiru na daƙiƙa 3 kafin wannan magana. Da aka gwada rage shi zuwa 1, tsoron bai kama ba, dariyar ma ta mutu.

Muna godiya ga Malam da ya karanta labarin tun yana takarda, ya ja mana kunne cewa a yi dariya da kwaɗayin dillali da rigimar magada, amma kada a sa ayoyin Alƙur'ani da ruƙiyya cikin barkwanci. Mun bi. Mai kwantiniti da ke lura kada kaya ko shiga su saɓa tsakanin ɗauka da ɗauka, mai abinci da ta riƙa kawo shayi da ƙosai cikin sanyin hunturu, direba, da yaron da ba ya barin a goge katin kyamara sai ya kwafe shi a ma'adana 2 ya buɗe ya gani, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Yanzu aiki ya koma ɗakin tacewa. Daga nan sai gaban Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda take wannan aiki tun 2001, kuma ba za mu sa ranar fitowa ba sai ta gama dubawa. Waɗanda suka ara mana kaya, an mayar da randa, fitilun ƙwai da tsani. Saura tabarma 2 da wata buta ruwan ɗorawa da ba mu gane mai su ba, suna wajen mai gadi.