Gyaran farce mai rauni a garin da ake alwala sau biyar

Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina, ɗaki biyu ne: na gaba na kitso da wankin kai, na ciki na ƙunshi da gyaran farce. Kitso da lalle su ke biyan kuɗin haya da na yaran da ke taya ni aiki, wannan babu musu. Amma aikin da ya fi sa mace ta koma ta jawo mini ƙawarta shi ne wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, wato jinyar farcen da ya lalace, mai ɓarewa, mai tsagewa, ko wanda ya yi laushi har ba ya iya kwance ƙullin leda.

Amare ne suka fi kawo mini irin wannan. An manna wa yarinya farcen roba don kamu da dina, wani lokaci da gam ɗin da aka yi domin haka, wani lokaci da sufa gulu na kanti. Taro ya watse, tana so ta yi sallah, sai ta zauna bakin gado ta ɓamɓare shi da haƙori ko da bakin cokali. Abin da ke fitowa ba robar kaɗai ba ce, har da saman nata farcen. Sai ta zo ta miƙo hannu, duk ya yi fari-fari, ya yi siriri, ruwan ɗumi ma zafi yake mata, ta ce, "Anti, mi za a shafa ma akaifar nan ta koma yadda take kafin sati?" Bayan amare sai ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Al-Qalam masu son jel, sai matan aure da hannunsu ba ya fita daga ruwan wanki.

Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi. Farcen da muke gani a waje ba shi da rai, ba ya warkewa yadda fata ke warkewa. Sinadarin keratin ne, irin na gashi, an jera shi falle-falle, kaurinsa duka kusan rabin milimita ne. Daga gindinsa, can ƙarƙashin fata, yake tsirowa, kuma na hannu kusan milimita 3 kawai yake ƙaruwa a wata. Kafin wanda ya lalace ya fice gaba ɗaya sabo ya maye gurbinsa, a ƙaddara wata 6. Na ƙafa kuwa yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Don haka duk kwalbar da ke kan kantata aikinta guda ne: ta tsare abin da ya rage kada ya ƙara yagewa, har sabon ya iso. Wanda ya ce miki yana da maganin da zai mayar da shi cikin kwana uku, kuɗinki yake so.

Kafin in buɗe kowace kwalba nakan riƙe ɗan yatsa in danna bakin farcen da babban yatsana. Idan ya ƙi lanƙwasa, ga ƙananan tsagu a tsaye, bakinsa yana karyewa ƙas, to bushewa ce. Wannan shi ne farcen hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓe ke fashewa, kaushi ke buɗe baki. Idan kuma ya lanƙwashe ya dawo, bakinsa yana rabewa gida biyu ana iya zare na sama, to ruwa ne ya yi masa yawa. Farce yana shan ruwa sosai. Ya sha ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kullum haka, ga omo ga ruwan bilic na cire tabo, dole fallayen su saki juna. Ciwo biyu ne, kuma maganin ɗaya yana ƙara wa ɗayan.

A nan ne shaguna da yawa ke ɓata aiki. Da yawa daga cikin magungunan taurara farce masu aiki da sauri akwai fomalin a ciki, irin wanda ake adana gawa da shi a asibiti, sai dai kaɗan ne. A jikin kwalba za a ga an rubuta Formaldehyde, ko Formalin, ko Methylene Glycol. Yana ɗaure zaren keratin da juna, farce ya yi tauri. Ga mai laushi, makonni kaɗan yana taimakawa. Amma a shafa wa wanda dama ya bushe, sai ya zama kamar busasshen karan dawa, ƙarfi gare shi a ido, ana taɓawa ya karye. In aka daɗe ana shafawa yakan sa farce ya rabu da naman da ke ƙarƙashinsa, wasu kuma fatarsu ta yi ƙaiƙayi ta kumbura. Ni ba na sa shi a farcen amaryar da aka kankare, don ya yi siririn da maganin zai ratsa ya yi mata raɗaɗi. In na sa wa mai laushi, ina ganin ya daina lanƙwasa nake cewa a dakata.

Akwai kashi na biyu, masu furotin na alkama ko keratin da aka narkar, wasu a rubuta har da kalsiyam. Waɗannan rufi ne kawai, suna cike ramuka suna riƙe bakin farce kada ya ci gaba da ɓarewa. Ba su da haɗari sosai, ba su kuma yin abin al'ajabi. Na uku shi ne jel mai kauri da ake shimfiɗawa a kan farcen mutum a busar a fitila. Yana karewa ƙwarai, amma ranar cirewa ake gane gwani. Auduga da asiton, ruwan goge jan farce, a naɗe da foyil, a jira minti 10 zuwa 15, a ture a hankali da ɗan katako. Yarinyar da ta gaji da jira ta ɗauki ƙarfe ta kankara, ta rushe aikin wata biyu a zama ɗaya. Shi ya sa injin gurza farce a shagona yana cikin durowa a kulle, makullin yana hannuna.

Duk waɗannan ukun kuwa matsalarsu ɗaya a wurinmu: suna hana ruwa taɓa farce, kuma mace za ta yi alwala sau biyar a yini. Kamfanonin da ke yin su a Turai da Amurka sukan rubuta a shafa kullum ko bayan kwana biyu, a goge bayan mako a sake. Wannan tsarin ba da matar Katsina aka yi shi ba. In ta ce za ta riƙa gogewa kafin kowace sallah, asiton zai busar da farcen fiye da yadda ta kawo shi. Akwai jan farcen da ake tallatawa wai ruwa yana ratsa shi; ni ba na ba kowa fatawa a kai, nakan ce ta tambayi malaminta, kuma ba na ajiye shi. Abin da muke yi shi ne mu daidaita da kwanakin fashin sallah. Mace ta zo a farkonsu, a shafa mata, ta dawo a goge da hannunmu kafin ta yi wanka. Sauran kwanakin wata kuma mai ne ke aiki.

Man nan shi ne rabin sana'ar, ko da yake ba a ganin girmansa don ba daga waje ya zo ba. Man kaɗanya mai kyau nake narkawa da man zaitun, in zuba a ƙananan robobi. Bayan kowace alwala, hannu da sauran danshi, a ɗiga a gindin farce a murza. Bayan isha'i a shafa mai kauri, ko basilin, a kwana da shi. Wanki da wanke-wanke a sa safar hannu ta roba. Wannan ce shawarar da aka fi yi mini dariya a kanta. Wata dattijuwa ta ce, "'Yar nan, in sa safa in wanke tukunyar tuwo, kishiyata ta gani?" Na ce, "Hajiya, ki bari ta gani, wata biyu ita ma za ta aiko a saya mata." Farce kuma a rage shi gajere, a goge bakinsa da magogi mai laushi ta gefe guda, ba gaba da baya ba. Dama addini bai bar mu mu tara farce ya wuce kwana 40 ba, sai abin ya zo daidai.

Jan lalle kuwa, na ganye da aka daka, ba shi da wannan damuwar ta alwala, domin rini ne, ba ɓawo yake yi ba. Launinsa yana kama keratin ɗin kansa, shi ya sa ba ya wankuwa sai dai farce ya tsiro ya ture shi. Iyayenmu sun daɗe suna cewa yana ƙarfafa farce, ni ma a hannun kwastomomina ina ganin ɓarewar tana raguwa, muddin an bi shi da mai, don shi ma yana busarwa. Yana da wani amfanin da na fi so: mace tana ganin farin sabon farce yana fitowa daga gindi, jan yana matsawa gaba, sai ta yarda cewa aiki yana tafiya, ta ƙara haƙuri. Baƙin dayis daban ne. Akwai sinadarin PPD a cikinsa, na rinin gashi, yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje masu ruwa. Ba na kai shi kusa da farcen da ke jinya.

Wani hannun kuma ba nawa ba ne. Farcen da ya lotsa a tsakiya har zai riƙe ɗigon ruwa sau da yawa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce a jini, kuma ina ganinsa a masu ciki da masu shayarwa. Wanda ya yi kore bayan an cire na roba ƙwayar cuta ce ta samu danshi ta zauna. Wanda ya yi kauri, ya yi rawaya, yana marmashewa, galibi naman gwari ne, kuma rufe shi da jel ƙara masa ɗaki ne. Baƙin layi sabo da ya taso daga gindi zuwa baki yana faɗaɗa, wannan ba a jinkiri da shi. Duk waɗannan asibiti nake turawa, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari. Mai ciwon suga ba na yanka mata komai a gefen farce, ko ta roƙa. Masu sayen ƙwayar bayotin, bitamin ɗin da ake sha don gashi da farce, a kemis kuma nakan ce su gaya wa likita suna sha, domin tun 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa tana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na ciwon zuciya.

Kayan aiki daga Kano nake sarowa, kasuwar Sabon Gari, wasu kuma a aiko daga Legas. Jabu ya yi yawa, musamman na manyan sunaye irin OPI da Sally Hansen. Ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in shinshina, in ga ko rubutun kwalbar yana gogewa da yatsa. In farashi ya yi arha fiye da hankali, na bar shi. Ba na saro da yawa, don zafin Afrilu da Mayu yana daskarar da su a kwalba tun ba a kai rabi ba. Almakashi da ɗan ƙarfen tura fata ana wankewa a dafa bayan kowace mace, magogi kuma kowa da nata, saboda ciwon hanta da ake ɗauka ta jini ba ya nuna kansa a fuska. Ita fatar gindin farce ba ma yanke ta. Ita ce ke toshe hanyar datti zuwa inda sabo ke tsirowa.

Inda nake asara shi ne lokacin bukukuwa, bayan ƙaramar sallah da ƙarshen shekara. Ƙawayen amarya su shigo su shida, biyu a ciki farcensu ya riga ya zama takarda, su ce a manna musu dogo. Nakan ce wa huɗun bismillah, biyun kuma in ce jan lalle da mai zan yi musu, a rage tsawo a gyara baki, kuɗin ma bai kai rabi ba. Wata ta yarda. Wata ta ɗauki jakarta ta tsallaka wani shagon, wani lokaci ta ja sauran su tafi tare, in bi kuɗin mutum shida da kallo. Yaran shago sukan yi ta ƙunƙuni, don da kashi ake biyansu, sai in cika musu na ranar daga cinikin kitso.