Ankon da na yanke wa farashi a watan Mayun 2023

Duk mai ɗinkin da ta fara tsayawa da ƙafarta a Kaduna ta san anko ne ke ɗaga shago. Lefe yana kawo kuɗi, ɗinkin Sallah ma haka, amma anko ne ke kai sunanki wurin dina, inda mata za su ga aikinki a jikin ƙawayen amarya, kowace ta matso tana tambayar wa ya ɗinka. Shi ya sa da wata Hajiya daga Malali ta zo shagona a Unguwar Rimi a farkon watan Mayun 2023, ta ce in ɗauki ankon bikin 'yarta gaba ɗaya, tun daga sayen leshi har ɗinki, murna ta cika ni. Ƙawaye da 'yan'uwa sun haura arba'in, biki kuma sai ƙarshen Oktoba.

Na kira Alhajin da nake sari a wurinsa a Kantin Kwari, ya faɗa mini kuɗin leshin da amarya ta zaɓa. Na haɗa da shafi da zif da duwatsun ado, na sa kuɗin telolina da ribata, na fitar da abin da kowace za ta biya. Hajiya ta duba ta ce, "'Yata, magana ɗaya fa. Kada in sanar wa mutane kuɗi, gobe ki dawo ki ce mini an ƙara." Na ce, "Hajiya, in sha Allah magana ɗaya ce." A ranar aka sa farashin a zauren WhatsApp na ƙawayen amarya. Ta ba da kafin alƙalami na 'yan gida, sauran kuwa kowace za ta turo nata in ta samu hali. Haka ake yi a ko'ina, haka na tarar ana yi, kuma ban taɓa ganin ya cutar da kowa ba.

Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da Shugaba Tinubu, ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki kaɗan litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a hukumance ta haura 500. A tsakiyar Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 750 a kasuwar bayan fage lokacin da muka yi ciniki, kafin ƙarshen Oktoba ta wuce 1,000. Ni kuwa farashina yana nan a WhatsApp, an riga an gani, an riga an ce Allah ya sa albarka.

Kuɗin 'yan gida na sayo leshinsu da shi tun a Mayu, wannan bai ba ni matsala ba. Sauran ne suka ci ni. Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen Yuni, kowa hankalinsa na kan rago da ɗinkin yara, babu wadda ta turo ko sisi. Yuli shiru. Sai a Agusta kuɗi suka fara shigowa, yau mutum biyu, jibi mutum ɗaya, kowace da kuɗin Mayu cif. Duk lokacin da na kira Kwari sai Alhaji ya ce, "Wallahi Hajiya, ba laifina ba ne, yau ma an ƙara. Idan na ba ki a kuɗin jiya, ba zan iya mayar da kayan ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Da dala yake shigo da kaya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai da na gwada yi wa Hajiya magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, ai na ja miki kunne tun farko. Da wane ido zan kalli iyayen yaran nan?" Ban ga laifinta ba. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne masu turo kuɗi a Satumba, waɗanda suka san sarai yadda kasuwa ta koma, don su ma suna sayen shinkafa da mai, amma babu wadda ta ce ko za a ƙara wani abu. Wata ma cewa ta yi in rage mata tunda ita siririya ce, ba za ta ci yadi biyar ba.

Kuɗin ma ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba. Leshin da aka turo mini a karo na ƙarshe lambarsa ɗaya da na farko, zanensa ɗaya. A ƙarƙashin ƙwan shago babu wani bambanci. Washegari da safe ɗaya daga cikin yarana ta fito da riguna biyu bakin ƙofa za ta kakkaɓe zare, sai ta kira ni. A hasken rana na farkon ruwan zuma ne sosai, na bayan kuma ya ja zuwa ruwan ƙasa. Shigowar kaya daban, rini daban. Mun riga mun yanka guda shida. Na tsaya riƙe da hannun riga a kowane hannu, ina juya su, ina fatan idona ne. Wanda bai san anko ba zai ce ƙaramin abu ne. Amma mata arba'in za su jeru a hoto ɗaya, kuma masu ɗaukar hoton yanzu fitilarsu ba ta ɓoye komai. Da kaina na shiga mota zuwa Kano, na bi Kwari layi-layi da ƙyallen na farko a jakata, har na samu ragowar tsohon rinin a wurin wani ɗan kasuwa da ya gane a matse nake. Yadda ya ce, haka na biya.

A gefe guda kuma ga janareta. Keken ɗinkinmu na lantarki ne, dutsen guga ma haka, wuta kuwa sai lokacin da ta ga dama. Telolina biyu daga Rigasa suke zuwa, kuɗin motarsu ya ninka, ba yadda za a yi in ci gaba da biyansu kuɗin bara a kan kowace riga. Na ƙara musu, kuma ban yi nadamar wannan ba, don su suka kwana a shago makon biki. Giɓin duka na cike shi da kuɗin da na daɗe ina tarawa a adashi don sayen injin surfani na kwamfuta.

Akwai abin da ke ƙara mini takaici duk lokacin da na tuna. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki, a Kakuri. Garin nan shi ne gidan masaƙu a Arewa: Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ga Arewa Textiles, ga Nortex, ga UNTL da atamfarta ta zagaye ƙasa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Na san leshi dama ba a Kakuri ake saƙa shi ba, kuma shadda Getzner daga Ostiriya take zuwa, Holan mai tsada daga kamfanin Vlisco. Amma yau har atamfar yau da kullum daga Sin ake kawo mafi yawanta, haka zare, haka zif, haka duwatsu. Mai ɗinki a Kaduna tana karɓar naira, amma kusan duk abin da take taɓawa da hannunta dala ce ke yi masa farashi. Duk wadda ta haɗa kuɗin yadi da na ɗinki ta yanke farashi na wata biyar, ta ɗauki nauyin canjin dala a kanta ne ba ta sani ba.

Biki dai ya yi kyau. Hotunan sun zagaya Instagram, kuma kwastomomi da yawa da nake da su yanzu daga wannan dinar suka samo ni. Ina alfahari da cewa ban saɓa maganata ba, kuma babu riga ɗaya da ta fita daban a hoto. Amma ko kwabo ban ci a aikin ba, na uwar kuɗi ma ya taɓu.

Tun daga lokacin, kuɗin yadi daban, kuɗin ɗinki daban. Na ɗinki zan iya tsayawa a kansa, don hannuna ne da na yarana. Na yadi kuwa farashin ranar ne, kuma ina rubutawa a ƙasan saƙon cewa bayan mako guda sai an sake tambayar kasuwa. Anko ba na taɓa shi sai uwar biki ta biya kuɗin yadin kowa da kowa a dunƙule, in saye shi rana ɗaya, daga shigowa ɗaya, da rarar mutum uku ko huɗu saboda masu zuwa daga baya, don ba a rasa su. Ita ta bi ƙawaye ta karɓi kuɗinta. Kafin almakashi ya taɓa komai, sai an fito da shi waje an duba shi a rana, ɗaya bayan ɗaya.

Wasu sun ji haushin wannan tsari. Wata ta ce mini, "Anti, kin cika ƙa'ida kamar banki," ta ɗauki aikinta ta kai wani wuri. Na ji zafin rasa aikin. Amma a watan Fabrairun 2024, da dala ta wuce naira 1,500 tana ta hawa, ina da anko biyu a hannu, kuma yadinsu duka yana jibge a shagona an biya tun kafin nan. A makonnin nan na ga abokan sana'a suna rigima da iyayen amare a waya, wata har mayar da kafin alƙalami ta yi bayan ta fara yanka. Ni barcina nake yi.

Na kuma ƙara ƙarfi a kan kayan da nake tsarawa da kaina in ɗinka in rataye, bubu da abaya da dogayen riguna, don su ranar da za a saya nake yi musu kuɗi, babu wanda na yi wa alkawari tun watanni. Su ne ma ke ɗauke da sunan shagon yanzu fiye da ɗinkin da ake kawowa.

Injin surfanin dai har yanzu ban saya ba. Kuɗinsa ya yi nisa da inda na bar shi a 2023. Duk rigar da ke buƙatar aikin wuya sai na aika da ita Kasuwar Barci, in biya a kan kowace ɗaya, in bi layi, kuma lokacin Sallah layin yakan kai mako biyu.