Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ranar Da Duna Ya Haɗiye Ƙugiya

A makon jiya na tsaya a kan yadda mahaifina ya karɓi gonar bakin ruwa, wadda a nan Sudan ake kira jaraf, ya fara noman albasa da tumatir a cikinta duk lokacin da kogi ya janye bayan ambaliyar damina. Wannan gonar ce ta sa muka ajiye kare, domin birai da awakin mutane ba sa barin shuka ta kai labari idan babu mai tsaro. Baƙi ne wuluk, shi ya sa muke kiransa Duna. Da rana yana gona, da yamma kuma ya biyo mu gida ya kwanta a bayan zaure, kuma ni ne mai kai masa ragowar asida, wato tuwon mutanen nan, da ruwa a wani tsohon kwano da Inna ta ware masa.

Garinmu Mai Wurno yana gaɓar kogin da Larabawa ke kira Bahar Azrak, kudu da Sinnar. Kakanninmu sun zauna a nan ne tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 ruwa ya riƙa kwantawa a gabanmu, kamun kifi ya zama sana'ar gidaje da yawa. Baffana, ƙanin mahaifina, yana cikin masu kafa fatsa da yamma su sa ƙananan kifaye a bakin ƙugiya domin tarwaɗa da ragon ruwa. Idan an kwashe da safe, akan yar da guntayen igiyar da suka tsinke a kan yashi, wani lokaci da ƙugiya da ɗan kifin a jiki, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar hakan a matsayin haɗari.

Ranar da abin ya faru, da hantsi na tarar da Duna a gindin rakuba, wato rumfa, yana kakari kamar zai yi amai, amma babu abin da ke fitowa sai yawu mai kauri da ke dalala har ƙasa. Yana ta sa ƙafar gaba yana karce bakinsa, ya miƙe wuya, ya zagaya, ya sake kwanciya. Na tura masa ruwa, ya sunkuya kamar zai sha, sai ya ja da baya yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Kafin azahar magana ta karaɗe gonakin da ke kusa cewa karen gidanmu ya haukace, sai ga samari sun taho da sanduna. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, domin haukan kare cuta ce da aka sani a ƙasar nan, wanda ta bayyana a jikinsa kuwa ba ya tashi, kuma dalalar yawu da kasa haɗiyar ruwa suna cikin alamominta.

Baffa ne ya tsayar da su. Ya ce mahaukacin kare ba ya kaɗa wa yaro wutsiya ya kwantar da kai a ƙafarsa, a bari ya duba tukuna. Aka lulluɓe Duna da buhu, mahaifina ya riƙe kansa, Baffa ya sa guntun itace a tsakanin muƙamuƙansa ya leƙa. Ina tsugune a gefensa lokacin da ya sa ɗan yatsa ya zaƙulo wata siririyar igiyar roba, fara ƙal, wadda ta naɗe a haƙorin baya, ɗaya bakin nata kuma ya nutse can cikin maƙogwaro. Ya dubi mahaifina ya ce, "Yaya, wannan igiyar fatsa ce, kuma ƙugiyar tana ciki."

Nan take shawarwari suka yi yawa. Wani ya ce a fizge igiyar da ƙarfi sau ɗaya a huta, wani ya ce a ɗura masa ruwan gishiri ya amayar, wata tsohuwa kuma ta aiko da man gyaɗa wai zai sa ta sulale. Baffa ya ƙi duka, kuma iliminsa na masunci ne ya ceci karen, domin ya san cewa ƙugiya tana da ɗan haƙori mai kallon baya wanda aka ƙera musamman don kada ta fita daga naman da ta shiga, saboda haka duk wanda ya ja igiya ƙara kafa ta yake yi. Ya warware igiyar daga haƙorin a hankali, ya ɗaure bakinta a tsumman da ya zagaya wa karen a wuya, da ɗan sassauci, don kada ya ƙarasa haɗiye ta.

Da yamma wani dattijo maƙwabcinmu ya zo ya ce wa mahaifina, "Malam, kare ne fa. Mutum da iyali ba ya ɗaukar kuɗin cefane ya kai wa kare asibiti." Mahaifina ya amsa masa cikin girmamawa, ya ce, "Alhaji, gaskiya ne kare ne, amma ni na ajiye shi, gonata yake tsarewa, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta ajiye kare domin shuka da dabbobi da farauta. Wanda aka halatta mini in mora, ba zan zuba masa ido ya mutu da ƙarfe a wuya ba." Sannan ya tuna masa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Har yau ina ganin mahaifina ne yake kan daidai, kuma ban taɓa jin ya yi wa dattijon gori a kan maganar ba.

Da sassafe muka sa Duna a bayan boksi, wato motar a-kori-kura, zuwa Sinnar. Likitan dabbobin da muka samu, wanda yawancin aikinsa shanu ne da tumaki, ya fara tambaya da Larabci ko an ja igiyar, ko an ba shi wani abu ya ci. Da ya ji ba a yi ko ɗaya ba, sai ya ce an taimake shi. Ya sa aka ɗauki hoton wuya da ƙirji, kuma da yake ƙarfe ba ya ɓuya a irin wannan hoto, ƙugiyar ta fito fara tas a lanƙwashe, a maƙoshi, kafin a shiga ƙirji. Ya bayyana wa mahaifina cewa da ta gangara ta huda hanyar abinci a cikin ƙirji, ruɓa za ta taru kusa da huhu da zuciya, abin da ba kasafai dabba ke tsira daga gare shi ba, da kuma igiyar ta wuce hanji, tana iya tattare shi ta yanka.

Aka yi masa allurar barci. Likitan ya zura igiyar ta cikin wani dogon bututu, ya bi ta da shi sannu a hankali har bakin bututun ya zauna a lanƙwasar ƙugiyar, sannan ya ɗan tura ƙasa yana riƙe da igiyar a miƙe. Aikin ya ɗauki lokaci, har gumi ya jiƙa masa riga, kafin haƙorin ya saki naman. Ya zaro bututun da ƙugiyar a manne a bakinsa, da ɗan jini da ƙashin kifi a jikinta, ya ajiye a faranti. Baffa ya ɗauka ya juya ta, ya ce irin wadda kowa ke saye a kasuwa ce, ba za a san ta wane ne ba.

An haɗa mu da allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka ce kada a ba shi komai sai washegari, daga nan kuma kunu da abinci mai laushi har maƙoshin ya warke, ban da ƙashi. Likitan ya kuma ce a dawo da shi a yi masa rigakafin hauka idan ya murmure, aka kuwa yi. Inna ce ta riƙa dama masa kunun dawa da kanta, ita da a da ba ta yarda ya matso kusa da madafa. Kuɗin aikin ya cinye abin da aka samu a buhunan albasa na farko, Baffa kuma ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su riƙa tattara tsinkakkun igiyoyi suna ƙonawa maimakon yar da su a bakin ruwa.

Waɗannan buhunan albasa su ne aka yi niyyar yi mini kayan makaranta da su, domin a shekarar ce aka shirya tura ni Wad Madani wurin gwaggona. Yadda aka yi tafiyar ta yiwu duk da haka, shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.