Ranar da na ce Inna ta zuba ruwa a madara

Har yau in na tuna abin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, wallahi. Aikina a wurin tara madara ne, matan ruga su kawo da safe mu auna mu biya su, motar masu yogot ta zo ta kwashe, su huta da yawo da ƙwarya a rana. An kawo mana kaya na zamani, tankin sanyi mai sola da ke sauke madara zuwa digiri 4, 'yan kunne masu lamba na shanu, manhaja a waya da muke rubuta lita nawa kowace saniya ta bayar. Waɗannan duk sun tafi lafiya lau, ba su ne labarin ba. Labarin na laktomita ne, ɗan gilashin nan da ake tsomawa a madara a gane ko an haɗa ta da ruwa.

Abin da na haddace kawai shi ne madara mai kyau tana nuna 28 zuwa 32, ƙasa da haka akwai ruwa. Shi ke nan na ɗauki kaina likita.

Akwai wata dattijuwa da duk muke ce wa Inna, rugarsu ce mafi kusa da mu, tana gama tatsa minti kaɗan ta iso. Ranar farko gilashi ya nuna 26, na yi shiru. Ta biyu 26. Ta uku sai na buɗe baki a gaban mata sun fi ashirin na ce Inna madarar nan da ruwa a ciki, ba za mu karɓa ba. Ta dube ni ta ce "Yaro, ni?" Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ɗora a kai ta tafi. Washegari mata huɗu ne suka zo. Bayan kwana biyu babu kowa, sun koma kasuwa da nononsu da furarsu, ga tanki na ta aiki babu komai a ciki, direban mota ya ce shi ba zai ƙona mai a kan jarka biyu ba.

Wani dattijon malamin dabbobi da ya yi aiki a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, na kira ina ta ƙorafi wai Fulani ba sa son gaskiya. Tambaya ɗaya ya yi min, zafin madarar nawa ne lokacin da ka auna? Na yi tsuru. Ya ce duba jikin gilashin. Ashe an rubuta digiri 20 da ƙananan baƙi, wato a wannan zafin ne yake nuna lamba daidai, ni ban taɓa lura ba. Madara daga hantsa tana fitowa ne wajen digiri 37, kuma mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, gilashi sai ya ƙara nutsewa lamba ta sauka, shi ya sa kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi ana ƙara kamar 0.2 a lissafi. To ta Inna in tana kan 35, maki 3 ke nan na cinye mata, 26 ɗinta 29 ce. Ga shi Bunaji, farar saniyar nan ta Fulani irin ta su Inna, duk da ba ta da yawan madara tata akwai maiƙo, maiƙo kuma ƙara sauke lambar yake yi. Wato kusancin rugarta da kyawun madararta ne suka ja mata. Abin da ya fi ƙona min rai ma, wadda ta yaɗe man ta ɗan ƙara ruwa ta taho daga nesa cikin sanyin hunturu, tsaf za ta wuce gwajina ina mata sannu da zuwa.

Don Allah duk wanda aka damƙa wa gilashin nan ya nemi ma'aunin zafi tare da shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma a sa kofin gwajin cikin ruwan sanyi ya huce tukun. In ma ka ga lamba ta sauka, ja mace gefe ku yi magana, kar ka kuskura ka yi a gaban jama'a. Madara dukiyar mata ce a ruga, ka taɓa mutuncin ɗaya ka taɓa na duka.

Sai da na sayi goro da sukari na je wajen Ardo na durƙusa na ce Baba ni na yi kuskure, ba gilashi ba. Na sake gwajin a gabansu da madarar da ta huce, ta nuna 29. Ya yi murmushi ya ce za a gaya mata. Sati uku kafin mata su dawo, kuma har yanzu akwai gida biyu da ba su sake leƙo mu ba. Inna ta dawo, ba ta taɓa tayar da maganar ba, amma kullum in ta sauke ƙwarya sai ta ce "Malam, a bar ta ta huce."