Godiya bayan dawowarmu daga dajin Ostareliya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, ni da maiɗakina da yara mun iso Adelaide lafiya. Masu ta kira suna jin waya a kashe, ku yi haƙuri, inda muka shiga babu sabis ko na rantsuwa.

Da muka baro Alice Springs muka nufo kudu, a Marla muka saki kwalta muka hau hanyar Oodnadatta, burji mai tsawon kusan kilomita 600 har zuwa Marree. Daga garin Oodnadatta zuwa Marree tana bin gefen tsohon layin dogo na jirgin Ghan, wanda aka daina bi tun 1980, ga kufan tashoshi da gadojin ƙarfe duk sun yi tsatsa. Gargada ce zalla, ga duwatsu masu kaifi, rana kuma ƙuda ba ya barin idon mutum ya huta. Dare kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi, sai mun haɗa barguna biyu a cikin tanti.

Bayan mun wuce William Creek, a cikin filin Anna Creek, gonar shanun da ta fi kowace girma a ƙasar, taya ta fashe. Muka ɗaura safaya. Ba mu yi nisa ba ita ma dutse ya huda ta. A nan jiki ya yi sanyi. Ruwa muna da shi a jarkoki, amma ka duba gabas ka duba yamma babu ko bishiyar da za ka raɓa.

Godiyata ta farko ga wani dattijo Bature da matarsa, irin waɗanda suka yi ritaya suke zaga ƙasar da ɗakin kwana a bayan mota. Ba mu ɗaga musu hannu ba, da kansu suka tsaya, don a can ba a wuce motar da ta tsaya a daji. Dattijon nan, gwiwarsa har ƙara take in ya durƙusa, amma haka ya kwanta cikin jar ƙura ya lalubo hujin da ruwan sabulu, ya cusa masa igiyar faci, ya yi mana iska da ɗan injinsa. Matar tasa ta buɗe kula ta miƙa wa yara lemo mai sanyi. Sannan suka biyo bayanmu sannu a hankali har Marree, muna magana ta rediyon oba-oba. Na kawo kuɗi, ya yi dariya ya ce in saya wa yaran alewa. Allah ya saka musu da alheri, ya ƙara musu lafiya.

A Marree akwai ɗan masallaci na laka da rufin ciyawa, an gina shi a kan siffar wanda masu raƙuma suka yi a ƙarni na 19, mutanen da ake kira Afghan ko da yake da yawansu daga yankin Pakistan na yau suka fito. Su ne suka riƙa kai kaya cikin dajin nan kafin zuwan mota, daga sunansu kuma jirgin Ghan ya samo nasa. A nan muka yi azahar da la'asar, muka yi musu addu'a. A ganina duk Musulmin da ke zaune a ƙasar nan ya kamata ya je ya ga wurin.

Ina godiya ga matashin da ya buɗe mana gareji bayan ya tashi aiki ya haɗa mana taya, da direban doguwar tirela da ya ja mana kunne kada mu yi tuƙi da magariba saboda kangaru. Gawarwakinsu da muka gani a bakin titi washegari sun gaskata shi.

Malam da ya ara mana tanti da risho, Allah ya bar zumunci. Zik ɗin tantin ya ci ƙura, sai na gyara zan kawo. Maƙwabciyarmu da ta kula da gida, mun gode ƙwarai. Inna kuma, na ji ba ki yi barci ba har sai da kika ji muryar jikokinki, Allah ya ƙara girma, ya bar mana ke. Uwargida, sannu da ƙoƙari, tuwo a kan risho cikin wannan iska ba ƙaramin aiki ba ne.

Masu tambayar hotuna, ku ɗan ba ni zuwa Asabar in gama kakkaɓe ƙurar mota tukuna.